Yoyon Ɗakin Takabar Inna

Duk wanda ya zo mini gaisuwar Inna magana ɗaya yake yi, wai kewar Baba ce ta tafi da ita, ba su saba rabuwa ba. Nakan ce amin in yi godiya, don ba a musu da mai ta'aziyya. Amma ni na yi jinyarta, ni na wanke tsummokaran da take tofa majina a ciki, kuma na san ba kewa ba ce. Rai na Allah ne, ban ce wani ya ɗauke shi ba. Sai dai kowane ajali da sanadinsa, na Inna kuwa yana saman kanta, a rufin ɗakin da take kwana, duk wanda ya shiga yana ganinsa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko wani ya karanta ya ɗaga kai ya dubi saman ɗakin tsohuwarsa. Waɗanda abin zai ɓata wa rai a cikin dangi su yi haƙuri, ni ma nawa a ɓace yake.

Sunana Barira, ni ce auta, ina ɗinki a Sabon Garin Maraɗi. Babbanmu Yaya Sanusi ne, wanda Allah Ya buɗa wa a fataucin atamfa. Da ya gina gidansa a unguwar Zariya sai ya ce ba zai kwana a ɗakin siminti ba iyayensa suna ɗakin ƙasa a Jiratawa. Ya je ya ɗauko su, Baba yana ƙunƙuni, Inna tana kukan lambunta na zogale da albasa. Ya ba su ɗakin ƙurya, mai farin silin da fanka da tagar gilas. Mutane suka yi ta sa masa albarka, kuma ya cancanta, wannan ba zan ɓoye ba.

Gidan irin ginin yayi ne, wanda ba a ganin kwanonsa daga waje. An ɓoye rufin a bayan bango, ruwan sama ya gangaro cikin wata kwata ta siminti, tiyo ya fitar da shi waje. A Jiratawa, kowace shekara kafin ruwan fari, Baba kan hau soro ya duba tsaga, ya yi yaɓe, ya gyara indararo. A gidan Yaya kuwa ba wanda ya taɓa hawa sama tun ranar da magina suka sauko. Wa zai duba rufin sabon gida? A daminarsu ta farko wani tabo ya fito a kusurwar silin, launin shayin da ya zube a farin mayafi. Da Sallah ta matso Yaya ya sa aka shafe shi da fenti, kowa ya manta.

Baba ya rasu a ƙarshen bazara, hawan jini ya kada shi bai tashi ba. Inna ta shiga takaba a ɗakin nan, wata huɗu da kwana goma, wato damina ɗungurungum. Gwaggo Hassi, ƙanwar Baba, ta taso daga Tsibiri da ƙunshin kayanta don ta zaunar da ita. Ita ce ke zaunar da matan danginmu takaba tun kafin a haife ni, kuma ba a ja da ita. Ta sa aka fitar da gado aka shimfiɗa katifa a ƙasa, aka rufe taga, aka saki labule. Mai takaba ba ta kwalliya, ba ta turare, ba ta kwana a wani gida, wannan kowa ya sani. A ƙa'idar Gwaggo kuma ba ta sauya ɗakin da mijinta ya bar ta, kuma baƙon namiji ba ya taka bakin ƙofarta.

Dama Inna tana da 'yar fuka tun muna yara. Takan taso mata lokacin sussukar gero, ta sha magani ta wuce, ba mu taɓa ɗaukarta a bakin komai ba.

Ruwa na biyu ko na uku da aka yi, tabon ya dawo ta ƙarƙashin fentin, ya ninka na bara. Kullum da hantsi nake zuwa in kawo mata kunu, kuma ni da nake shigowa daga waje hancina ya fara ji kafin na kowa. Wari ne irin na buhun da ruwa ya jiƙa aka ajiye shi bai bushe ba.

Na ce, "Inna, ɗakin nan wari shikai."

Ta ce, "Hancinki ne, auta. Tun kina goye kike da tsirhwa."

"To dubi sama."

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Na gani, idona bai mutu ba tukuna. Kar ki kai ma mai gidan nan maganar ga. Ya yi muna gida, ba mu saka mishi da tsegumi."

Mai gidan nan, haka take kiran Yaya. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta zama su yi hira, in ya shigo gaishe ta amsa take yi tana kallon bango. Alkunya ce ta mutanen da, kuma a idonmu abin sha'awa ce. Sai dai uwar da ba ta iya ce wa ɗanta sannu da rana, ta yaya za ta ce masa gidanka yana yoyo?

A makonnin farko tari ne busasshe, da ƙaiƙayin ido, da hanci yana zuba. Muka ce mura ce. Gwaggo ta ce sanyin damina ne ya shige ta, ta dafa citta da kanumfari da masoro, ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa don kada iska ta shigo. Da tarin ya ƙi tsayawa, numfashinta ya fara fito kamar ana busa sarewa, na kai ta ƙaramin asibitin unguwa, tunda fita neman magani ko Gwaggo ba ta hana ba. Mun je da sassafe muka tarar da layi har bakin titi, mata da yara masu zazzaɓi kwance a kan zannuwa. Sai bayan azahar muka ga majo, babban malamin jinya na wurin. Bai ɗago ya dube ta sosai ba, ya sa aka tsaga mata yatsa, ya ce palu ne, zazzaɓin sauro. Ban ga laifinsa can ba, mutum ɗaya da jama'a kamar kasuwa. Amma da damina a Maraɗi ko ƙafa ka karye palu za a fara ce maka.

Ta shanye ƙwayoyin tas, tarin yana nan. Na karya alƙawarin da ban ma ɗauka ba, na sami Yaya a ƙofar gida yana waya da mutanensa na Katsina. Na jira ya gama.

Na ce, "Yaya, silin ɗakin Inna ya jiƙe, har ya soma baƙi."

Ya ce, "Na gani, 'yar laima ce. A bari ta hita takaba in kira maso, magini, shi duba."

"Kahin nan damina ta wuce. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba."

Sai ya ɓata rai. Ya ce, "Barira, mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Ke ko akurkin kaji kin taɓa ginawa? Gidan ga injiniya ya zana shi."

Gwaggo tana tsakar gida tana jinmu. Ta taso tana gyara ɗaurin zane ta ce, "Mi nike ji? Ƙarti su shigo ɗakin mai takaba, su hau bisa kanta suna buge-buge? Ba a takabar ɗan'uwana ba."

Na ce to a maida Inna falo, ko ɗakin yara, kafin ruwa ya ɗauke.

Ta ce, "Inda anka bar ta nan za ta ƙare. Ke ɗiyar zamani ce, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi bai ganinai."

Daga ranar wannan magana ta zama amsar komai a gidan. A bari ta fita takaba. Na ji ta a bakin Yaya, na ji ta a bakin Gwaggo, na ji ta a bakin maƙwabta, har Hajiya Rabi matar Yaya, wadda na san abin yana damunta, ita ma haka take ce mini a hankali tana kawar da kai. Baiwar Allah, ta yi wa Inna hidimar da ko ni ban fi ta ba, ita ke dafa mata farfesu, ita ke kwashe fo. Amma suruka ba ta da baki a maganar takabar uwar miji.

Da marka ta kama, aka yi ta ruwa ba rana, fentin ya kumbura ya fara ɓarewa yana faɗowa a kan katifa. Silin ya yi tumbi a kusurwa. Hajiya Rabi ta sa baho a ƙarƙashi, ɗigon yana sauka ɗaya bayan ɗaya. Baƙaƙen ɗigogi suka bazu daga kusurwar suka gangaro bango, wasu kore-kore da gashi-gashi. Wata rana na ja akwatin kayan Baba don in share bayansa, na tarar da bangon baƙi ƙirin, takalmansa na fata sun yi funfuna, gafakar Alƙur'aninsa ma haka. Inna ta karɓi gafakar tana gogewa da gefen zanenta, tana tari har hawaye.

Ta ce, "Hunhuna ce. Mu da munka yi noman gyaɗa, in ta yi haka ko akuya ba mu ba."

Na ce, "To ke kuma kina kwana cikinta."

Ta ce, "Ni ai na hi akuya haƙuri."

Ta yi dariya, tarin ya katse dariyar. Ni kuwa ban ga abin dariya ba, raina ya ɓaci ƙwarai, na fita tsakar gida na yi kukana. Ta sani sarai, ta fi mu duka sanin abin nan, amma ta zaɓi ta yi shiru.

Kwanciyarta ta farko a babban asibiti ta zo ne wata la'asar. Ta tayar da salla ta kasa kai raka'a ta biyu, ta zauna tana jan iska da baki, leɓɓanta sun yi duhu. Yaya da kansa ya ɗauke ta ya sa a mota. Duk wanda ya yi jinya a can ya san yadda abin yake. Masu jinya a kan tabarmi ƙarƙashin itatuwa, ruwa ya sauko kowa ya kwashi kayansa ya ruga baranda. A rubuto maka ordonansi, takardar sayen magani, ka fita farmasi, ka dawo a ce an manta ɗaya, ka sake fita. Aka ɗauki radiyo, wato hoton ƙirji. Aka karɓi majinarta don gwajin tarin tibi, kuma kafin sakamako ya fito wasu daga cikin dangi har sun ware mata kofi da cokali, suna gaishe ta daga bakin ƙofa. Ya fito babu, suka dawo suna cewa dama sun sani.

A nan dole in yi godiya. Yaya bai taɓa duban tsadar magani ba, duk takardar da aka miƙo masa biya yake yi bai tambaya ba. Akwai kuma wata ma'aikaciyar jinya, Madam Hannatu, Kirista ce 'yar wajen Tsibiri, wadda ta riƙe Inna kamar uwarta. Na'urar iska ɗaya ce tsakanin gadaje da yawa, ita ke zagayawa da ita, kuma ba ta taɓa tsallake mu ba. Takan ce, "Tsohuwa, ja da ƙarhi, ba a biyan kuɗin iska." Inna ta ce mata, "Ƙarya kike, ɗiyata, a nan har kallo biya akai." Allah Ya saka mata da alheri.

Kafin mako ya zagayo Inna ta warware. Ta sha fura, ta nemi goro, ta fara yi wa matar gadon kusa faɗa a kan yadda take goyon jika. Aka sallame mu muka koma gida, Gwaggo ta shimfiɗa mata katifarta a inda take. Ba a yi kwanaki ba sarewar ta dawo ƙirjinta.

Haka muka yi ta yi. A asibiti ta tashi, a gida ta kwanta. Ko makaho ya lalubi wannan ya san inda maganar take, amma dangi kowa da fassararsa. Kawu Ila, ƙanen Inna, ya zo daga Jiratawa da galan na rubutu ya ce iska ce ta shafe ta. Wata maƙwabciya ta ce sammu ne aka yi wa Alhaji, wato Yaya, don hassadar gida, ya faɗa kan uwarsa. Wata tsohuwa ta ce Baba ne ke kiranta, a bar ta ta amsa. Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta hayaƙi. Aka kawo tazargade da wasu saiwoyi, Gwaggo ta ce wannan magani ne ba turare ba, ya halatta. Aka zuba a garwashi, aka rufe ƙofa da mai fuka a ciki. Na iso na tarar da ita ta dafa bango tana neman iska, na buɗe tagar da ƙarfi har gilas ɗaya ya fashe. Ranar na faɗa wa Gwaggo maganganun da auta ce kawai za ta faɗa a ƙyale ta. Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata, kuma an toshe gurbin gilas ɗin da kwali.

Ɗinkina ya tsaya. Masu kaya suka gaji da zuwa suna tarar da shago a rufe, suka karɓe yadukansu suka kai wani wuri. Maigidana bai taɓa cewa uffan ba, shi ke kai yara lekol, makarantar boko, ƙanwarsa ke dafa musu. Ban damu da wannan ba, ciniki yana dawowa.

A kwanciya ta uku muka faɗa hannun wata likita, yarinya ce, ba za ta girme ni ba. Ta duba hotunan ƙirjin, na farko da na yanzu, ta jera su a jikin taga ta daɗe tana kallo. Sai ta yi tambayar da tun farkon damina ba wanda ya yi mana.

Ta ce, "Ina take kwana?"

Yaya ya ce, "A gidana, Zariya. Ɗaki mai kyau, da silin da komi."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ciro wayata na nuna mata hoton kusurwar da na ɗauka. Ta ƙara girman hoton da yatsu, ta dubi Yaya, ta faɗi wata kalma da Faransanci da har yau take kunnena, shampinyo. Ta ce funfuna ce, tana sakin wata ƙura da ido ba ya gani, mai lafiya ma tana sa shi tari, balle tsohuwa mai fuka da ke shaƙarta dare da rana a rufaffen ɗaki. Ta ce huhun ya riga ya yi rauni, ƙwayoyin cuta sun sami wurin zama.

Ta ce, "Alhaji, duk maganin da zan rubuta, ɗakin nan zai cinye shi. Kar ku maida ta ciki."

Da muka fito baranda Yaya ya ce, "Likitocin yanzu, in sun kasa gano ciwo sai su ɗora ma gini." Amma muryarsa ba ƙarfi. Ya juya makullin mota a hannu, can ya ce to, in an sallame ta a gyara mata falo. Na ce alhamdu lillahi, na ɗauka an gama.

Ashe da sauran aiki, kuma a wurin da ban zata ba. Inna ce da kanta ta ƙi. Gwaggo ta riga ta gaya mata cewa kwanan asibiti lalura ce, amma in ta sauya ɗaki da ƙafarta takabar ta warware, kuma matan Jiratawa za su ji.

Ta ce, "Auta, saura kaɗan. Mutumin ga tun ina da ƙuruciya nike tare da shi, bai taɓa ɗaga min hannu ba. In kasa yi mishi wata huɗu? A ce ni Tsahara na gudu na bar ɗakin mijina Malam Idi don ɗigon ruwa?"

Na ce, "Inna, Baba da kanshi da ya ga ɗakin nan da ya hidda ke."

Ta ce, "Da shina nan da ya hau ya gyara. Bai nan."

Washegari na hau mota na tafi Tsibiri wurin Malam Abdu, abokin karatun Baba, tsoho ne da Gwaggo kanta ke durƙusa wa. Na same shi a zaurensa, na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, ya tafa hannu yana salati.

Ya ce, "Wa ya hwaɗa muku haka? Gida anka ce ta zauna, ba a ce ɗaki ba. Gidan ma in da cuta cikinai tashi akai, takaba ba ta warwarewa. Addini bai ce a kashe mai rai don wanda ya mutu ba. Don mi ba ku zo tun da wuri ba?"

Don me? Don ba wanda ya ɗauka akwai abin tambaya. Abu ne da aka gada, kowa ya ɗauka haka yake a littafi.

Na dawo Maraɗi da yamma na wuce asibiti, na tarar da wata a gadon Inna. An sallame ta da rana saboda ana neman gado, kuma ta ce a kai ta ɗakinta. Yaya bai iya musu da ita ba, tunda ba su saba magana ba balle musu. Na same ta kwance a katifar nan, baho yana karɓar ɗigo a gefen kanta.

Malam Abdu ya zo da safe, da sandarsa, jikansa ya goyo shi a babur. Ya tsaya a tsakar gida nesa da ƙofa, ya ɗaga murya ya maimaita abin da ya gaya mini, a gaban Yaya da Gwaggo da kowa. Gwaggo ta sunkuyar da kai ta ce, "Mu dai haka munka taras." Daga bayan labule Inna ta ce, "To Malam, tunda kai ka ce." Muka tallabe ta ni da Hajiya Rabi muka kai ta falo. Ba ta fi ƙaramar yarinya nauyi ba.

Ihu bayan hari. Falo yana da iska, yana da haske, ta ce rabonta da ganin rana a bango ta manta. Amma zazzaɓi ya riga ya kama ta, majinar ta koma kore, abinci ya ƙi shiga. Muka koma asibiti a karo na ƙarshe. Likitar nan ta yi iyakar yinta, aka sa ƙarin ruwa, aka sauya allurai, Madam Hannatu ta bar mana na'urar iska fiye da rabonmu. Wannan karon ba ta nemi goro ba.

Ranar da za ta cika, da hantsi, ta buɗe ido ta ce, "Auta, saura nawa?"

Na san takabar take nufi. Na ce, "Kaɗan ya rage, Inna."

Ta ce, "Ki ce ma Hassi na yi iyakar yina."

Ban gaya wa Gwaggo ba, kuma ba zan gaya mata ba. In ta iya karatu ta gani a nan. Inna ta rasu kafin azahar, kalmar shahada a bakinta, takabarta ba ta cika ba. Allah Ya jiƙanta, Ya haɗa ta da Baba a inda ba yoyo ba tari.

Ga abin da na saya da tsada, na ba ku kyauta. Tabo a silin ba datti ba ne, ruwa ne ke kwance a sama, kuma fenti ba ya kashe shi. In ɗaki yana wari da damina, ko fenti yana kumbura, ko takalmin fata ya yi gashi a bayan akwati, ku fitar da mai kwana a ciki tukuna sannan ku yi shawara. In mara lafiyarku yana tashi a asibiti yana kwantawa a gida, ku gaya wa likita inda yake kwana ko bai tambaya ba. Tsofaffinmu kuma ba sa ƙorafi, musamman a gidan ɗa, sai an duba musu. In aka ce muku addini ne ya hana, ku taka ku tambayi masu sani, Tsibiri ba nisa.

Ana gobe sadakar bakwai, Yaya ya ce baƙi za su zo daga Katsina, matan alhazai abokan cinikinsa, kuma ba inda za a sauke su sai ɗakin ƙurya. Da sassafe ya kira magini da yaransa biyu. Ɗaya ya kafa tsani ya hau, ya zura hannu a bakin tiyo, ya zaro ledoji da ruɓaɓɓen ganyen bedi, wato dogon yaro, bai cika bokiti ba. Ruwan da ya kwana a kwatar tun farkon damina ya ɓarke ya zubo a jikin bango. Suka shiga ciki suka ɓamɓare silin. Bayan allunan baƙi ne kamar gindin tukunya, katakon ya ruɓe, warin ya cika gidan har masu zaman makoki a ƙofar gida suna toshe hanci. Maginan suka naɗe fuskokinsu da rawani. Kafin la'asar sun sa sabbin alluna, suna wanke hannu. Aikin ke nan gaba ɗaya, bai kai wuni ba.

Tsofaffin allunan suna jibge a tsakar gida. Yaran Yaya suka dawo daga makarantar allo suka rugo suna tsokanar baƙin abin da kara, ƙaramar tana dangwalawa da yatsa. Yaya ya fito daga falo a guje, babbar rigarsa tana kama iska, ya fizge ta ya ɗaga sama.

Ya daka tsawa ya ce, "Ku hita nan! Rabi, kwashe yaran ga, kar su shaƙa! Abin ga guba ne, kashe mutum shikai!"

Ina tsaye a bakin madafa da tire a hannuna. Ya juyo muka haɗa ido, yarinyar tana saɓe a kafaɗarsa, na ga shi ma ya ji abin da bakinsa ya faɗa.